Sharhi kan Boot-Repair: abin da take gyarawa idan GRUB ya ƙi girkuwa, da abin da ya fi ƙarfinta

Daga cikin matsalolin da ake gamuwa da su wajen ɗora Linux a kan kwamfuta, babu wadda ta fi karya gwiwa irin wadda take zuwa a daidai ƙarshen aiki. An zaɓi harshe, an raba faifan ajiya, an zauna an jira fayiloli sun gama kwafuwa, sai kuma wata taga ta buɗe da saƙon Turanci cewa “Executing 'grub-install /dev/sda' failed. This is a fatal error”, wato an kasa girka GRUB, ƙaramar manhajar da ke tayar da Linux idan an kunna kwamfuta, kuma aikin ba zai ci gaba ba. Wani lokaci saƙon yakan ce ƙunshin grub-efi-amd64-signed ne ya ƙi shiga, ya ƙara da gargaɗin cewa idan babu GRUB babbar manhajar da aka ɗora ba za ta tashi ba. Wanda ya kashe kwamfutar a wannan hali ya sake kunna ta, ko dai ya ga ta wuce Windows kai tsaye kamar ba a taɓa ta ba, ko ya tarar da baƙin allo mai ɗauke da rubutun “grub rescue”, ko kuwa ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi daga kansa ba. Boot-Repair ita ce manhajar da aka fi nuna wa mutane a irin wannan yanayi. Na daɗe ina amfani da ita a kan kwamfutocina da na ɗalibai da na abokan aiki, kuma abin da na lura shi ne ana yabon maɓallinta na gyara fiye da yadda ya cancanta, alhali rahoton da take fitarwa, wanda shi ne ainihin amfaninta, mutane kaɗan ne suke tsayawa su karanta shi.

Manhajar kyauta ce, lambobin ginin ta a buɗe suke ga kowa, kuma wanda ya rubuta ta an fi saninsa da laƙabin YannUbuntu. Ana samun ta ta hanyoyi uku. Wanda ya tayar da Ubuntu daga filash, ya zaɓi gwadawa ba girkawa ba, zai iya ƙara rumbun ppa:yannubuntu/boot-repair ya sauke ta da umarni biyu, amma sai yana da intanet a wannan lokacin. Akwai kuma Boot-Repair-Disk, wanda cikakken hoton faifai ne da ake saukewa daga SourceForge a zuba a filash, yana tashi da kansa ya buɗe manhajar. Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi, domin Linux Mint ya riga ya saka ta a cikin hoton girkawarsa, saboda haka filash ɗin da aka yi girkawar da shi shi ne kuma kayan gyaran. Idan aka buɗe ta, takan ɗauki ɗan lokaci tana binciken faifai, sannan ta nuna ƙaramar taga mai manyan maɓallai biyu, ɗaya na gyaran da take ba da shawara, ɗaya na haɗa rahoton da ake kira BootInfo, sai kuma wata 'yar kibiya a ƙasa mai buɗe zaɓuɓɓukan ƙwararru.

Ba za a iya yi mata adalci ba sai an fahimci abin da take ƙoƙarin gyarawa. GRUB ƙaramar manhaja ce ta aikin GNU, wadda asalinta ya koma shekarar 1995, kuma aikinsa shi ne ya karɓi ragama daga hannun kwamfuta da zarar an kunna ta, ya nemo ƙwayar Linux ya ɗora ta, ko ya miƙa wa Windows idan shi aka zaɓa. Matsalar ita ce hanyoyin tashin kwamfuta biyu ne, kuma ba su da alaƙa da juna. A tsohon tsarin BIOS, kwamfuta tana karanta bayit 512 na farkon faifai, wato MBR, inda bayit 446 ne kacal na umarnin tayarwa, 64 na jadawalin ɓangarori huɗu, biyun ƙarshe kuma alamar cewa faifan na tashi ne. Tun da GRUB ba zai shiga wannan ɗan fili ba, sauran jikinsa yakan zauna a sararin da ke tsakanin MBR da ɓangaren farko. A sabon tsarin UEFI kuwa, babu ruwan kwamfuta da waɗannan bayit 446. Wani keɓaɓɓen ɓangare take nema mai tsarin FAT32, wanda ake kira ESP, a cikinsa kowace babbar manhaja take ajiye fayil ɗinta na tayarwa a jakarta, sannan a rubuta sunan fayil ɗin da matsayinsa a wata ƙaramar ma'ajiya da ke jikin babban allon kwamfutar, wadda ake kira NVRAM. Tun fitowar Windows 8 a 2012, kusan duk kwamfutar da aka sayar da Windows a kanta tana zuwa ne da UEFI da faifai mai tsarin GPT, wato sabon salon jadawalin ɓangarori da ya maye gurbin na MBR, amma da yawansu an bar musu ikon kwaikwayon tsohon tsarin, abin da ake gani a saituna da sunan Legacy ko CSM. Wannan ikon kwaikwayon shi ne tushen mafi yawan gazawar da na gani.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum yana da Windows da aka girka a tsarin UEFI, ya haɗa filash na Linux da Rufus ko Ventoy, ya kunna kwamfuta ya danna maɓallin zaɓen tashi, F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP. Sai ya ga sunan filash ɗinsa sau biyu, ɗaya da kalmar UEFI a gabansa, ɗaya babu. Ya zaɓi wanda babu, tun da dai suna ɗaya ne a idonsa. Daga wannan lokacin mai girkawa yana ɗaukar kwamfutar a matsayin mai tsohon BIOS, kuma idan ya zo ƙarshe zai nemi ya dasa GRUB irin na BIOS a kan faifai mai GPT, inda babu wancan sararin na bayan MBR da za a dogara da shi, sai aikin ya tsaya. Ana iya gane yanayin da aka tashi a ciki cikin daƙiƙa kaɗan: idan jakar /sys/firmware/efi tana nan, a UEFI aka tashi, idan babu ita, a tsohon tsari ne.

A nan ne na fara ganin mutuncin Boot-Repair. An kawo mini wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, mallakar wani ɗalibi da yake son Linux saboda darasin shirya manhaja amma ba ya son rabuwa da Windows 10 ɗin da ke kanta, kuma girkawar ta tsaya masa da wancan saƙon na farko. Da na buɗe Boot-Repair daga filash ɗinsa a yadda ya tayar da shi, ba ta taɓa komai a faifan ba. Sai ta fito da gargaɗi cewa wannan zaman yana cikin yanayin kwaikwayon BIOS, a kashe Legacy ko CSM a saitunan kwamfutar, a sake tayar da filash ɗin a UEFI sannan a dawo. Muka yi hakan, muka danna maɓallin gyara. Ta buɗe taga mai ɗauke da layukan umarni ta ce a kwafa a liƙa a tagar umarni, waɗanda aikinsu shi ne cire ƙunshin GRUB na BIOS ɗungurungum, sannan ta ba da wani layin da ya sauko da na UEFI. Bayan ta gama, sai ga sabuwar jaka mai suna ubuntu a cikin ESP kusa da ta Microsoft, ga layin da ke haɗa ESP da /boot/efi an ƙara shi a fayil ɗin /etc/fstab, ga kuma sabon suna a jerin tashi. Da aka sake kunna kwamfutar, jerin GRUB ya fito da Linux a sama da Windows a ƙasa, kuma fayilolin ɗalibin ko ɗaya bai salwanta ba. Ba a sake girka komai daga farko ba, domin babbar manhajar tana nan lafiya lau tun asali, mai tayar da ita ne kawai ya rasa. Wannan ya kamata kowa ya riƙe, saboda da yawa daga cikin masu gyara, da sun ga wannan saƙon, sai su share faifan gaba ɗaya su sake aiki, su kuma sake faɗawa cikin matsalar tun da ba a canza yadda aka tayar da filash ɗin ba.

Ƙin yin aiki a yanayin da bai dace ba shi ne kyakkyawan halinta na farko. Na biyu, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne rahoton BootInfo. Idan aka danna maɓallinsa, manhajar ba ta canza komai, sai dai ta tattara duk abin da mai gyara zai buƙaci sani a fayil guda. Tana faɗin abin da ke cikin MBR na kowane faifai, ta jera ɓangarori da tsarinsu da girmansu da alamominsu, ta nuna waɗanne manyan manhajoji ta gano da inda suke, ta lissafa fayilolin tayarwa da ke cikin ESP, ta kawo jerin da ke cikin NVRAM kamar yadda efibootmgr yake nuna shi, ta faɗi ko Secure Boot, wato kariyar UEFI da ke hana tayar da fayil ɗin da ba a sa wa hannu ba, a kunne yake ko a kashe, ta haɗa da abin da ke cikin fstab da saitunan GRUB. Abin da ya fi duka amfani yana can kusa da ƙarshe, inda take bayyana a jimloli kaɗan ainihin abin da za ta yi da a ce an danna maɓallin gyara: GRUB na wane ɓangare za ta sake girkawa, a wane faifai, da wane ESP za ta yi amfani. Wanda ya karanta waɗannan jimlolin kafin ya taɓa ɗaya maɓallin ya tsira daga mafi yawan ɓarnar da ake danganta wa manhajar. Ni a nawa aikin, sau da yawa rahoton kaɗai nake buƙata, domin da na ga jadawalin ɓangarorin da jerin NVRAM gefe da gefe, ciwon yakan bayyana kansa. Haka nan idan mutum zai nemi taimako wurin wanda ya fi shi sani, tura wannan rahoton ya fi ɗaukar hoton allo da waya nesa ba kusa ba.

Rahoton yana da nasa aibin. Dogo ne ƙwarai, da Turancin masana aka rubuta shi, kuma sabon shiga zai iya ɓacewa a cikin lambobin ɓangarori kafin ya kai wurin da ke da amfani. Da an ɗauko waɗancan jimlolin na abin da za a yi an nuna su a taga kafin gyara ya fara, da an rage haɗari sosai. Sannan manhajar tana tambaya ko a ɗora rahoton a intanet domin a samu adireshin da za a tura wa wani. Tana neman izini, wannan daidai ne, amma ya kamata mutum ya san cewa a cikinsa akwai sunayen da ya laƙaba wa ɓangarorinsa da lambobin shaidarsu da samfurin faifansa, kuma abin da aka ɗora a buɗe ba lallai ne a iya janye shi ba. Ga kwamfutar ofis, ya fi kyau a ajiye fayil ɗin a tura shi kai tsaye ga wanda aka amince da shi.

Akwai wani yanayi makusancin na farko da ake gani a tsofaffin kwamfutoci waɗanda ba su da UEFI sam, amma aka tsara faifansu da GPT. A nan GRUB yana buƙatar wani ɗan ƙaramin ɓangare na megabayit ɗaya, wanda ba a yi masa kowane tsarin fayil ba, mai alamar bios_grub. Boot-Repair tana gane rashinsa ta faɗa ƙarara, har da girman da ake buƙata da sunan alamar, amma ba ta ƙirƙirar shi da kanta, sai mutum ya buɗe GParted, manhajar raba faifai, ya yanka. Ina ganin wannan hukunci ne mai kyau, domin yankan faifai ba abu ne da ya dace a yi wa mutum ba tare da saninsa ba.

Inda ƙarfinta yake ƙarewa a fili shi ne NVRAM. Wani lokaci fayilolin GRUB sukan shiga ESP lafiya, amma a kasa rubuta sunansu a jerin tashi, sai grub-install ya faɗi da ƙorafin cewa babu sauran fili. Mutane sukan zaci faifan ne ya cika, alhali wannan 'yar ma'ajiyar ta babban allo ce ta cushe, sau da yawa da tsofaffin sunayen tashi da aka bari ko da bayanan da ƙwayar Linux ta zubar a can lokacin da ta taɓa faɗuwa. A wasu kwamfutocin kuma ma'ajiyar ba ta karɓar rubutu daga cikin babbar manhaja, ko ta karɓa amma da an sake kunnawa ta mayar da Windows kan gaba. Boot-Repair tana gano hakan ta ce NVRAM a kulle yake, amma ba ta da mabuɗinsa, kuma babu laifi a kanta, domin abin yana hannun wanda ya ƙera kwamfutar. Abin da take yi shi ne ta ba da shawarar a shiga saitunan kwamfutar a nuna mata fayil ɗin shimx64.efi da ke jakar ubuntu da hannu, ko a shiga Windows a yi amfani da umarnin bcdedit a karkatar da hanyar tashinsa zuwa wannan fayil ɗin. Shawarwarin daidai ne, sai dai a taƙaice suke, ba su kai ga bambancin da ke tsakanin kamfanoni ba. Misali, a kwamfutocin Acer da yawa sai an sa kalmar sirri ta mai kula a saitunan sannan zaɓin amincewa da fayil ɗin UEFI zai buɗe, kuma wanda bai san wannan ba zai yi ta lalube a banza. Sabunta UEFI ɗin daga shafin kamfanin, ko mayar da saitunansa yadda suka zo daga masana'anta, yakan warware wasu daga cikin irin waɗannan.

Game da wannan matsalar ce manhajar take da wani zaɓi da nake gargaɗi a kansa da babbar murya, wato wanda yake adana fayil ɗin tayar da Windows da wani suna, ya ajiye GRUB a gurbinsa da sunansa. Manufar ita ce a yaudari kwamfutar da ba ta yarda ta tayar da kowa sai Windows. Yana aiki, amma Windows yakan maido da fayil ɗinsa idan ya yi babbar sabuntawa, sai Linux ya ɓace daga gani, kuma idan daga baya aka share ɓangaren Linux ba a maido da sunan ba, Windows ɗin ma ba zai tashi ba, ya zama gyaran gangar Auzinawa. Akwai hanya mafi tsafta da ya kamata a fara gwadawa: kowace kwamfuta mai UEFI tana da fayil ɗin da take komawa gare shi idan ba ta samu wani ba, wanda a yawancinsu shi ne BOOTX64.EFI a cikin jakar EFI/BOOT, kuma grub-install yana da zaɓin removable da ke ajiye GRUB a can ba tare da neman rubutu a NVRAM ba.

Akwai kuma matsalolin da suke kama da na GRUB amma asalinsu a wani wuri yake, kuma duk yawan danna maɓallin gyara ba zai taɓa su ba. Idan an saita faifan a yanayin RAID ko Intel RST maimakon AHCI, mai girkawa na iya kasa ganin faifan gaba ɗaya, kuma canza saitin ba tare da an shirya Windows ba yakan hana shi tashi. Idan Windows bai mutu da gaske ba saboda Fast Startup, wato saitinsa na saurin tashi, ɓangarensa yana nan a matsayin mai barci, Linux ba zai yarda ya yi rubutu a kansa ba. Idan akwai BitLocker, wato makullin da Windows yake rufe faifai da shi, taɓa Secure Boot ko jerin tashi na iya sa Windows ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, saboda haka a nemo shi a rubuta a takarda tun kafin a fara komai. ESP ɗin da Windows yake yankawa galibi megabayit 100 ne, kuma idan kamfanin kwamfutar ya zuba nasa fayilolin a ciki, ko an bar jakunkunan tsofaffin manhajoji, yana iya cika har GRUB ya rasa wurin zama. Rahoton zai nuna hakan ga mai lura, amma share abin da ya kamata aikin mutum ne. Sai kuma abin da ya fi kusa da mu: hoton girkawa da ya lalace saboda intanet ta yi ta yankewa lokacin saukewa, ko filash na jabu wanda girman da aka rubuta a jikinsa ba shi ne na gaskiya ba. Ƙunshin GRUB yana cikin abubuwan da ake girkawa a ƙarshe, don haka lalacewar na iya ɓoyewa har sai an zo kansa. Kwatanta lambar tantancewa ta SHA256 ta hoton da wadda aka wallafa a shafin masu manhajar bai wuce aikin minti biyu ba, kuma yana kawar da wannan shakkun gaba ɗaya. Haka nan kada a fara gyaran tashi da batir mai rauni a lokacin da ba a da tabbacin wuta, domin ɗaukewarta a tsakanin cire tsohon GRUB da sa sabo yana barin kwamfutar a halin da ya fi na farko muni.

Abubuwa biyu na 'yan shekarun nan sun cancanci ambato. Tun daga GRUB 2.06 na 2021, an daina kunna os-prober kai tsaye, wato ɗan shirin da ke neman sauran manyan manhajoji ya saka su a jeri, saboda haka mutum na iya gama girkawa lafiya ya ga babu Windows a jerin ya zaci ya share shi. Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin /etc/default/grub, a rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false sannan a gudanar da update-grub, kuma kiran Boot-Repair a kan wannan ya yi yawa. Na biyu, a watan Agusta na 2024 wata sabuntawar Windows ta sa kwamfutoci da yawa masu manhajoji biyu suka ƙi tayar da Linux, suna nuna saƙon gazawar tantance bayanan SBAT. Dalili shi ne an haramta tsofaffin nau'o'in shim, wato ɗan fayil ɗin da Microsoft ta sa wa hannu wanda yake share wa GRUB hanya idan Secure Boot a kunne yake. Darasin da ya shafi wannan sharhin shi ne tsohon filash na gyara shi ma yana iya ƙin tashi saboda wannan dalilin, sai an kashe Secure Boot na ɗan lokaci ko an sake haɗa filash ɗin da sabon hoto.

Babban abin da nake kuka da shi a tsarin manhajar shi ne yadda maɓallin gyara yake yanke hukunci da yawa a madadin mutum. A kwamfuta mai faifai ɗaya da manhajoji biyu, hasashensa kusan kullum daidai ne. A kwamfuta mai faifai biyu ko uku a tsohon tsari, yakan zaɓi ya zuba GRUB a MBR na dukkan faifan, wanda hakan ke nufin faifan da a da yake iya tayar da Windows shi kaɗai yanzu ya dogara da faifan Linux. Idan akwai ESP fiye da ɗaya, ba lallai ne wanda ta zaɓa ya zama wanda mai kwamfutar yake nufi ba. Wani lokaci kuma takan ƙara sunaye barkatai a jerin GRUB, ɗaya ga kowane fayil na UEFI da ta gani, sai jerin ya cika da abubuwan da babu mai buƙatarsu. Duk waɗannan ana iya kauce musu ta zaɓuɓɓukan ƙwararru, inda ake zaɓar manhajar da za ta fara tashi, da faifan da za a sa GRUB, da ESP ɗin da za a yi amfani da shi, kuma tana adana kwafin jadawalin ɓangarori da farkon faifai kafin ta taɓa su. Amma wanda ya iya cike waɗannan zaɓuɓɓukan daidai ya riga ya kusa iya gyaran da hannunsa. Ƙari a kan haka, gidanta shi ne Ubuntu da Debian da 'ya'yansu irin su Mint. Pop!_OS a tsarin UEFI ba GRUB yake amfani da shi ba, systemd-boot ne, Fedora kuma tana da nata salon tsara jerin tashi, saboda haka a waɗannan na fi son bin jagoran da masu su suka rubuta. Idan faifan a rufe yake da LUKS, wato makullin faifai na Linux, sai an buɗe shi da hannu tukuna kafin ta ga abin da ke ciki.

Idan aka gwada ta da gyaran hannu, abin da take yi ba sihiri ba ne. Mutum zai haɗa ɓangaren Linux a /mnt, ya haɗa ESP a ƙarƙashinsa, ya jingina jakunkunan dev da proc da sys, ya shiga da chroot, wato umarnin da ke sa mutum ya yi aiki kamar yana cikin Linux ɗin da ke kan faifan, ya gudanar da grub-install da update-grub. Fa'idar yin haka ita ce ana ganin ainihin saƙon kuskuren da grub-install ya fitar, wanda mai girkawa yake ɓoyewa a bayan kalmar gazawa, kuma sau da yawa wannan layi ɗayan shi ne amsar. Haɗarinsa kuwa shi ne kuskure sunan faifai, kamar rubuta sda a inda ake nufin sdb, abin da Boot-Repair take kare sabon shiga daga gare shi. Ga wanda kawai yake son ya shiga Linux ɗinsa sau ɗaya ya gyara daga ciki, Super Grub2 Disk ko rEFInd a kan filash sun fi dacewa, domin suna nemo manhajar su tayar da ita ba tare da sun rubuta komai a faifai ba. Ga masu amfani da Mint da tsofaffin fitowar Ubuntu kuma, idan girkawa tana ta tsayawa a matakin GRUB, ana iya buɗe mai girkawar da umarnin ubiquity -b domin ya kammala ba tare da GRUB ba, sannan a kira Boot-Repair ta ƙarasa, kuma wannan haɗin yana daga cikin wuraren da ta fi yi mini amfani.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 yana buƙatar UEFI da guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da yawancin kwamfutocin gwanjo da ake saye a kasuwanninmu ba su cika ba. Waɗannan su ne ainihin kwamfutocin da suke da Legacy da UEFI a tare, waɗanda kuma suka bi ta hannun masu gyara da yawa, kowa ya bar nasa saitin, saboda haka masu komawa Linux a kansu za su ci gaba da cin karo da wannan saƙon. Ga ɗalibi ko ma'aikaci mai faifai ɗaya da Ubuntu ko Mint kusa da Windows, ina ba da shawarar Boot-Repair ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya kwashe muhimman fayilolinsa tukuna, ya tabbatar ya tayar da filash ɗin a irin yanayin da Windows ɗinsa yake, ya kuma karanta ƙarshen rahoton kafin ya danna gyara. Ga mai shagon gyara, ya riƙe ta saboda rahoton, amma ya koyi chroot domin kwamfutocin da suke da faifai fiye da ɗaya. Daga cikin hanyoyi ukun samun ta, na fi zaɓar filash mai sabon hoton Linux Mint, domin yana tashi ko da Secure Boot a kunne, yana ɗauke da GParted, kuma ba ya buƙatar intanet kafin a buɗe manhajar a fitar da rahoto, ko da yake idan gyaran ya kai ga cire GRUB da sauko da sabon ƙunshi, dole ne a samu haɗin intanet kafin a fara.